HAWAN DUTSE DA AL'AJABAN HALITTA A CHAPPAL WADDI

Idan aka tambayi ɗalibin aji ɗaya sunan dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, kafin a rufe baki zai ce Everest. Idan aka ce na Afirka fa, zai ce Kilimanjaro. Amma da muka zaga azuzuwa muna tambayar wanda ya fi tsawo a Nijeriya, sai aka yi tsit. Wasu suka ce Dutsen Zuma, wasu suka ce duwatsun Shere na Jos, wani yaro ma ya ɗaga hannu ya ce Dala. Amsar ita ce Chappal Waddi, a Jihar Taraba. Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi amfani da wannan fili mu bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu na ikkilisiya abin da ke kan wannan dutse, da yadda ake hawansa, da kuma dalilin da ya sa ya kamata mu damu da shi.

INA DUTSEN YAKE?

Chappal Waddi yana kan iyakar Nijeriya da Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Tsawonsa mita 2,419 ne daga leɓen teku. Domin mu gane wannan tsawo, garin Jos yana wajen mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa mita 1,829. Kalmar "chappal" Fillanci ce, ana nufin tudu mai tsawo wanda ke da fili a samansa. Mutanen wurin kuma suna kiran dutsen Gangirwal.

An kafa gandun a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, ta wurin haɗa gandayen Gashaka da Gumti waɗanda dā suke dabam dabam. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, ya kuma ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Babban ofishinsa yana Serti, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi ta Bali ta haura tudun Mambilla zuwa Gembu. Wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin Jamus, daga baya Ingila ta riƙe shi amana, sai a 1961 mutanensa suka jefa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi zama cikin Nijeriya.

ME YA SA SAMA TA FI SANYI?

Ga tambayar da ɗalibai suka fi yi: tun da mai hawa dutse yana ƙara kusantar rana, me ya sa sanyi yake ji maimakon zafi? Amsar ita ce rana ba ta fara ɗumama iska ba, ƙasa take fara ɗumamawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kusa da ita. Iska mai ɗumi takan tashi sama. Can sama nauyin da ke danne ta ya ragu, sai ta baje, iskar da ta baje kuwa takan huce. Duk wanda ya taɓa sace iskar tayar keke ya sa yatsa a bakin ya ji sanyin nan. A matsakaici, kowane mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Kwarin gandun bai kai mita 500 ba. Ashe ke nan tsakanin gindi da ƙololuwa akwai bambancin wajen digiri 12. Lokacin da na ƙasa ke fifita da mahuci, na sama yana neman rigar sanyi.

Wannan al'amari ya taɓa ruɗa masana. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Johannes Rebmann ya hango farar ƙanƙara a kan Kilimanjaro, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Da labarinsa ya isa Ingila, wasu masana labarin ƙasa suka yi masa ba'a, suka ce ba yadda za a yi ƙanƙara ta zauna a tsakiyar ƙasar zafi. Daga baya wasu matafiya suka tabbatar da maganarsa, a 1889 kuma Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka ƙololuwar dutsen mai mita 5,895. Gani ya kori ji.

Chappal Waddi bai kai tsawon da ƙanƙara za ta zauna a kansa ba, amma mai hawa zai lura da abubuwa biyu. Na fari, numfashi yakan yi wuya, gama iskar da mutum ke shaƙa a can wajen kashi uku cikin huɗu ce ta abin da zai shaƙa a bakin teku. Na biyu, ruwa yakan tafasa a wajen digiri 92 maimakon 100, saboda haka wake yakan daɗe a wuta bai nuna ba. Mai dafa wa ayari abinci ya riƙe wannan, don kada a zarge shi da lalaci.

HAWA HUƊU, DUNIYA HUƊU

Da yake zafi da ruwan sama suna sakewa yayin da ake hawa, itatuwa da dabbobi ma suna sakewa. Bari mu bi hanyar tare, daga ƙasa zuwa sama.

Hawa na fari shi ne dajin da muka saba da shi. Ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga maje da kawo da madobiya, ga doguwar gamba da ke shanye mutum da damina. A nan ne ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza suke kiwo, gadu yana tonon saiwa, garken gwaggon biri yana ratsa hanya ba tare da tsoro ba. A manyan koguna akwai dorina da kada. Akwai kuma tsando mai cizo, wanda ke sa wa shanu sammore.

Hawa na biyu shi ne kurmi, wanda ya bi bakin rafuka ya kuma rufe gangaren duwatsu. Da shigarmu sai haske ya ragu, zafin rana ya yanke, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye. Itatuwa sun miƙe sama sun haɗa kai, igiyoyin daji sun nannaɗe su. A nan akwai wani baƙin biri mai farin dogon gashi a gefen jikinsa da farar jela, wanda ba safai yake sauka ƙasa ba. A nan ne kuma gidan birin cimpanzi, irin wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru. Gashaka-Gumti yana cikin wuraren da suka fi yawan wannan biri. Tun shekara ta 2000 masu bincike suka zauna a wani wuri da ake kira Kwano suna lura da halinsa. Sun ga yana karya tsinke ya gyara shi ya zura a rami domin ya ɗebo zuma ko tururuwa. Kowace yamma kuma yakan lanƙwasa rassa ya yi wa kansa sabon gado a kan itace.

Hawa na uku shi ne kurmin tudu. Itatuwan nan ba su kai na ƙasa tsawo ba, da yawansu sun karkace saboda iska. Hazo yakan sauko ya lulluɓe su da safe da yamma. Gansakuka ta rufe jikinsu, wani tsiro mai kama da gemun tsoho yana reto daga rassansu. Akwai furanni masu kyan gani da ke zaune a kan rassa. Kada mu ɗauka kauci ne. Kauci yana shan ruwan itacen da ya hau, waɗannan kuwa masauki kawai suka nema, abincinsu daga raɓa da ƙura da ruɓaɓɓen ganye yake fitowa. A wannan hawa ne ake samun itacen da masana ke kira Prunus africana, wanda ake haɗa magani da ɓawonsa domin ciwon da ke hana dattawa maza fitsari.

Hawa na huɗu shi ne fili. Ba zato sai kurmi ya ƙare, mu fito cikin gajeriyar ciyawa shimfiɗe kamar tabarma, tudu bayan tudu har iyakar gani. Iska tana kaɗawa ba tsayawa. Kurmi ya rage a cikin kwazazzabai kaɗai, inda wuta ba ta isa. Bayan ruwan fari, ƙananan furanni sukan fito birjik cikin ciyawa. A wasu ranaku mutum yakan tsaya ya ga gajimare a ƙarƙashinsa, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a ga irin wannan sakewa. A kan dutse ƙafa kaɗai takan kai mutum cikin 'yan kwanaki. Wannan shi ne dalilin da ya sa gandu ɗaya ya tara irin tsuntsaye fiye da 500.

TSIBIRAI A SAMA

Akwai wani abin lura game da halittun da ke saman duwatsu. Tsuntsun da ya saba da sanyin kurmin tudu ba ya iya zama a kwari mai zafi. A wurinsa kwari kamar teku yake, ƙololuwa kuma tsibiri. Chappal Waddi, da tudun Mambilla, da tudun Obudu a Jihar Kuros Riba, da duwatsun Bamenda, da Dutsen Kamaru mai fiye da mita 4,000, duka jeri ɗaya ne na irin waɗannan tsibirai. Halittun da suka daɗe a keɓe a kansu sun zama dabam da na ko'ina. Misali shi ne wani tsuntsu mai saƙa sheƙa, rawaya mai baƙar fuska, wanda aka raɗa wa sunan masanin tsuntsaye Bannerman. Ba a samunsa sai a waɗannan tuddai na Nijeriya da Kamaru.

A nan haɗarin yake. Idan aka ƙone daji a kwari, gada takan gudu zuwa wani dajin. Idan aka sare kurmin tudu, mazaunansa ba su da wurin zuwa, gama ƙasa ta yi musu zafi, sama kuma ta ƙare. Haka nan idan zafin duniya ya ƙaru, kowane hawa yakan matsa sama, na can ƙarshe kuwa ba inda zai matsa. A kan Kilimanjaro ana ganin alamar da ido, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta riga ta narke.

DUTSE RANDAR RUWA CE

Wani zai ce, mu da ba ma zaune a Taraba, ina ruwanmu? To, ruwanmu na nan a zahiri. Da damina iska mai laima takan taso daga Tekun Atlantika. Idan ta ci karo da dutse sai ta hau, ta huce, ta zubar da ruwa. Kurmi da ciyawa sukan tare ruwan, ƙasa ta shanye shi kamar soso, sa'an nan ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har cikin rani. Daga waɗannan tuddai Kogin Taraba da Kogin Donga suke samun ruwansu, su zuba cikin Binuwai, Binuwai kuma ta sadu da Kwara a Lokoja. Masunci a Ibi, da mai noman shinkafa a fadamar Binuwai, da matar da ke ɗiban ruwa a Makurɗi, duka suna cin albarkacin itatuwan da ba su taɓa gani ba. Idan aka tsiraita dutse, ruwan sama yakan gangaro gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa mai taki, ya yi ambaliya da damina, da rani kuma rafi ya ƙafe.

ABIN DA KE CIN DUTSEN

Mutane sun daɗe suna zaune a waɗannan tuddai, kuma suna da hakkin neman abinci. Mambilawa suna noman masara da ayaba da dankalin Turawa. A Kakara akwai gonakin shayi. Fulani sun hau da shanunsu domin tsando ba ya zama a wuri mai sanyi. Har cikin gandun akwai wuraren da aka keɓe wa manoma da makiyaya. Amma mutane da dabbobi sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Rikicin da ya auku a Mambilla a 2017, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, ya nuna yadda batun fili ya yi tsanani.

Abu na fari da ke cin kurmin tudu shi ne wuta. Kowane rani akan sa wa ciyawa wuta domin sabon toho ya fito wa shanu. Wutar takan lashi bakin kurmi, ta kashe ƙananan itatuwa, shanu kuma su tattake waɗanda suka tsira. Bana taku ɗaya, baɗi taku ɗaya, har kurmin ya ƙare. Na biyu shi ne farauta da tarkon waya, wanda ba ya zaɓen abin da zai kama. Na uku shi ne sarar katako. A shekarun 2010 'yan kasuwa suka afka wa madobiya a Jihar Taraba, suna kiranta "madrid", ana lodinta a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa domin a kai ƙasar Sin. Ɓarnar ta yi yawa a Afirka ta Yamma har daga 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu. Itacen da ya yi shekaru da yawa yana girma, injin yanka yakan kā da shi kafin a gama cin tuwo.

Akwai masu ƙoƙari. A 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors domin a ƙarfafa tsaron Gashaka-Gumti, aka ɗauki samarin yankin aikin gadi aka horar da su. A kurmin Ngel Nyaki kuma, a kan tudun Mambilla, masana daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand suna aiki tare da 'yan Nijeriya, suna renon 'ya'yan itatuwa suna dasawa, suna kuma kewaye wasu wurare da shinge domin kurmi ya farfaɗo.

IDAN ZA MU HAU

Ana iya tunkarar Chappal Waddi daga wajen Nguroje a kan tudun Mambilla, ko kuwa daga ƙauyen Gashaka, wadda ita ce doguwar hanya ta kwanaki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da rafuka suka janye, hanya kuma ba santsi. Ga abubuwan da ya kamata kowane ayari ya kiyaye, ko dutsen babba ne ko ƙarami.

Da fari, a nemi izini. Dole a sanar da hukumar gandu, a tambayi halin tsaro na lokacin, a ɗauki ɗan jagora. Idan aka isa ƙauye a fara gaida mai gari ko jauro. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a shirya jiki tun da wuri. Makonni kaɗan kafin tafiya a riƙa yin doguwar tafiya da jaka a baya. Kada a sa sabon takalmi ranar hawa, gama zai yi wa ƙafa kanta. Tsohon kambas mai ƙarfi da safa mai kauri sun fi.

Na uku, a ɗauki rigar sanyi, da bargo, da hula, da tocila, da ashana a cikin leda, da akwatin magani. Mun taɓa kwana a kan wani dutse wanda bai kai rabin Chappal Waddi ba. Wani ɗan ajinmu ya yi mana dariya da ya ga muna cusa barguna a jaka, ya ce shi ba ya jin sanyi. Kafin tsakar dare haƙoransa suna kaɗawa, sai da biyu daga cikinmu suka raba bargo ɗaya domin a ba shi ɗayan.

Na huɗu, abinci ya zama mara nauyi mai riƙe ciki, kamar garin rogo da sukari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino da kilishi. A sha ruwa a kai a kai tun ƙishi bai zo ba. Ruwan rafi, kome kyansa a ido, a tafasa shi.

Na biyar, a yi tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni. A sa shi kusa da gaba, malami ɗaya kuma ya tsaya a baya. A ƙirga mutane a kowane zango. Idan hazo ya rufe hanya a tsaya wuri ɗaya har ya washe. Idan hadari ya taso da walƙiya a sauka daga ƙololuwa, a kuma nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Wanda ya ji ciwon kai mai tsanani, ko jiri, ko amai, kada ya ɓoye don kunya. Maganinsa hutu ne, in bai sauƙaƙa ba a sauko da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na shida, kada a bar wa dutse kome sai sawun ƙafa. Leda da gwangwani su koma cikin jaka. Wutar girki a kashe ta da ruwa, a taɓa tokar da hannu a tabbata ta huce. Kada a tsinke fure, kada a jefi biri, kada a rubuta suna a jikin itace.

NAMU AIKIN

Littafi Mai Tsarki cike yake da duwatsu. A kan Dutsen Sina'i Musa ya karɓi Dokoki Goma. A kan Dutsen Karmel Iliya ya tsaya gaban annabawan Ba'al. Ubangijinmu Yesu kansa yakan hau dutse shi kaɗai domin addu'a. Littafin Farawa kuma ya nuna mana cewa aikin da aka fara danƙa wa Adamu shi ne noman gonar Aidan da kiyaye ta. Mu masu riƙon amana ne, mai riƙon amana kuwa za a tambaye shi lissafi.

Ba kowannenmu ne zai sami zuwa Taraba ba, amma ba lallai sai an je can za a fara ba. Cibiyar horar da matasa da ke duwatsun Shere ta daɗe tana koya wa samari da 'yan mata hawan dutse. A tudun Jos ɗin nan ne kuma, a 1998, masana suka bayyana wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu wanda kimiyya ba ta san da shi ba sai a lokacin, ko da yake yara masu kiwon awaki sun daɗe suna ganinsa. Wa ya san abin da ke ɓoye a dutsen da ke bayan makarantarmu?

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta ba ƙungiyoyin ɗalibai damar fita hawan dutse ko da sau ɗaya a kowane zangon karatu, kowa da littafin rubutu da fensir, a rubuta sunan kowane itace da tsuntsu da Hausa da kuma harshen gida. Muna roƙon iyayenmu da dattawan ikkilisiya su koya mana waɗannan sunaye tun suna tare da mu. Mu ɗalibai kuma mu daina sa wa daji wuta don neman ɓera da gafiya a lokacin hutu, kowane ɗalibin ajin ƙarshe kuma ya dasa itace ɗaya ya danƙa wa wani ɗan aji ɗaya ban ruwansa kafin ya tafi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ba mu. Amin.